Yaye na Biyu

A takardar 'yan sanda an rubuta shekarunsa 19. Da wannan lamba ta tsaya, da wataƙila gidan yari ya nufa kai tsaye, domin wanda ya cika 18 ya fita daga sahun yara a idon doka. Ba zan faɗi sunansa ba. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa, ta 2003, ta hana a bayyana yaron da ya shiga hannun hukuma, kuma hanin yana da kyau. Kakarsa ta wajen uwa tana ce masa Maigida, irin wasan nan na kaka da jika, mu ma da haka za mu kira shi.

Dogo ne, gashin baki ya soma tsiro, muryarsa ta buɗe. Ɗan sandan da ya ɗauki bayani ya dube shi sama da ƙasa ya ƙiyasta, shi kuwa ba shi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da zai nuna. Tsohuwar ce ta tsamo shi. Ta zo da sandarta ta zauna gaban jami'ar walwalar jama'a ta ce, "Hajiya, ni ban san lissafinku ba. Amma ranar Laraba aka haife shi, ana cikin ƙidaya, masu ƙirga suna bin gidaje suna rubutu a bango. Ranar sunansa kuma rana ta yi husufi da hantsi, har mahauci ya dakata da fiɗar rago aka tafi salla." Jami'ar ta san an yi ƙidaya a ƙarshen Maris na 2006, ta san husufin ya faɗo ranar 29 ga watan. Ta ce a koma a bincika adaka. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa aka samo katin rigakafinsa, ya yi ja don tsufa, da kwanan wata a jiki: 22 ga Maris, 2006. Shekararsa 17 da 'yan watanni.

Laifin kuwa an yi shi, babu musu. Da daminar 2023, bayan an cire tallafin mai komai ya yi tsada, wasu samari biyu suka fizge wayar wata ɗaliba a bakin titi kusa da Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da shari'a da sha'anin mulki. Maigida bai fizga ba. Shi aka ba wayar ya kai kasuwa, a hannunsa kuma aka kama ta da gilashinta a fashe. Waɗancan biyun suka yi layar zana.

Yana da shekara shida auren iyayensa ya mutu. Aka yi yadda aka saba yi a ƙasar Hausa, uban ya ce ɗa nasa ne, aka kai masa. Uwar ta yi aure a wani gari. Matar uban ba muguwa ba ce, 'ya'yanta biyar ne suka cika mata hannu, ga shi uban direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Da yaron ya soma tasawa aka mayar da shi shagon ƙofar gida, tun daga nan babu wanda ya san lokacin da yake shiga ko wanda yake kwana da shi. Ya bar makaranta a aji huɗu na sakandare, sai da zango ya ƙare aka lura. Tudun Wada, unguwarsu, tana da nata hali a wannan fanni. Unguwa ce da ta tashi a zamanin Turawa tsakanin ganuwar birni da kogin Kubanni, mazaunin 'yan Arewa da suka zo neman aiki da fatauci, har yau kuma gidajen haya sun yi yawa a cikinta. A cikin birni yaro yakan tashi a babban gida, baffanni da goggonni suna kallonsa ta ko'ina. A gidan haya, in uba ya fita uwa ba ta nan, majalisa ce ke yin renon.

A ofishinsa majistare ya saurari maganar, ba a zauren kotu ba, daga dangi sai jami'ai. Hanya biyu ce a gabansa. Akwai Bostal na Kaduna, gidan horon matasa da ke wajen Kakuri da Barnawa tun 1962, wanda ke karɓar 'yan shekara 16 zuwa 21. Akwai kuma sakin yaro a hannun wani babba, hukuma tana sa ido. Jihar Kaduna ta yi tata dokar walwala da kare yara a 2018, sannan dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali ta ƙara buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba. Rahoton jami'ar ya ce wannan ne karonsa na farko, ba a same shi da makami ba. Sai alƙali ya cire tabarau ya tambaya, "Wa zai riƙe shi?"

Uban ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi iyakar yi na. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ya bushe. A kai shi inda za a kai shi."

Uwar tana kuka cikin hijabi. Mijinta ya riga ya gaya mata tun a gida ba zai ajiye agola mai shari'a a wuya ba. Tsohuwa ta ɗaga hannu, alƙali ya dubi hannun yana rawa, ya gode mata. Daga bayan ɗakin ƙanen uwar ya miƙe, tela ne mai shago a kan hanyar Gaskiya, ɗaki biyu yake haya shi da matarsa da 'ya'ya uku da tsohuwar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan yayata ne. In an yarda, ni zan sa hannu."

Aka karanta sharuɗɗa. Zai zauna gidan kawunsa har ranar da zai cika 18. Ba zai kai bayan sallar isha'i a waje ba. Zai riƙa zuwa ofishin jami'ar duk mako biyu. Zai koyi sana'a, zai nisanci majalisarsu ta da, zai biya ɗalibar kuɗin gyaran wayarta. In ya saɓa, a dawo da shi gaban alƙali a sake duba hukunci. Kawu ya sa hannu, yaron ya sa.

Irin wannan tsayawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san lamuni tun kafin Bature. A can waje ma da mai sana'ar hannu tsarin ya soma. A 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali a ba shi wani mashayi ya tafi da shi maimakon kurkuku, bayan mako uku ya dawo da shi a natse. Kafin ya rasu a 1859 ya tsaya wa mutum kusan 2,000. Gwamnati daga baya ta shigo da albashi da fayil. Tushen abin dai mutum ɗaya ne da zai ce na ɗauka.

Da suka dawo gida matar Kawu ba ta ce komai ba sai da dare ya yi. "Malam, ka yi shawara da ni? 'Yarka ta fari shekararta 13. Kwanon masara ka san yadda yake yanzu. In ya ɗauki wayar wani a gidan hayan nan, mu za a kora." Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, Kawu kuma bai da amsa. Abin da ya iya shi ne ya yi mata alkawarin yaron ba zai motsa ba sai da saninsa.

Ya kuwa cika alkawari har ya wuce gona da iri. Ya shimfiɗa wa Maigida tabarma a zaure, shi ma ya kwanta a bakin ƙofa, makulli a aljihunsa. Da asuba tare suke masallaci, tare suke shago. In yaron zai zaga bayi sai ƙaramin almajirin shagon ya bi shi. Kowane dare a laluba aljihunsa. Ba a ba shi ko naira ɗaya a hannu, ko kunun zaƙi yake so Kawu ne zai biya. A shago aikinsa guga da sa maɓalli da share ƙyallaye, almakashi kuwa a aljihun tebur yake kwana a kulle. Wata huɗu aka yi a haka, bai saɓa sharaɗi ko ɗaya ba. Ya yi ƙiba kaɗan, idonsa ya washe. Amma ya daina magana. In an ce zauna ya zauna, in an ce tashi ya tashi, a bangon zaure kuma, daidai inda yake sa kai, yana jan layi da allin tela kullum.

Ranar wani zuwa ofis, jami'ar ta sa yaron ya jira a waje. Kawu ya zayyana mata tsarinsa yana jin daɗi, yana jiran yabo. Ta gama rubutu ta ajiye biro.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar 23 ga Maris, wa zai riƙe makullin?"

"Kamar yaya, Hajiya?"

"Ranar nan hannunka ya fita, nawa ma ya fita. Ba ni da ikon kiransa, ba ka da ikon kulle shi. In ya sake ɗaukar wayar wani, babu ofishin alƙali, babu rahotona, a zauren kotu za a karanta sunansa, gidan yari kuma na manya. Na ga yaran da aka tsare su tsaf har ranar ƙarshe, washegari suka fita kamar an buɗe wa ruwa. Yaron nan bai taɓa riƙe kuɗi ya dawo da canji ba. Bai taɓa wucewa ta gaban majalisarsu shi kaɗai ya ƙi zama ba. Yaushe zai koya?"

Kawu ya fita ransa a ɓace. Shi a ganinsa ya hana kansa barci don yaron, ga wata tana ce masa aikin bai yi ba.

Ana cikin haka uban ya dawo daga tafiya ya zo da tasa shawara. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wani gida a ƙauye inda ake ajiye kangararru, a sa musu mari, a yi musu rubutu, shekara biyu su fito sun yi laushi. Ya ce da zarar wa'adin kotu ya cika can zai kai shi, in kuwa an hana shi, to ya cire hannunsa, tunda yaro ya balaga tuntuni, shari'a ma ta sauke masa nauyi. Kada a yi saurin zagin mutumin nan. Sunansa ne a kan yaron, a tasha ana nuna shi ana cewa ga uban ɓarawon waya, kuma bai san wata hanyar gyara ba bayan wadda aka gyara shi da ita. Sai dai kowa a jihar nan ya ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa cikin Satumba na 2019: mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Kawu ya tuna masa wannan, murya ta soma tashi, maƙwabta suka ce a je wurin Liman.

Liman tsoho ne da ya karantar da Risala da Muhtasar a zaurensa shekaru masu yawa. Ya saurare su duka, sannan ya juya ga uban.

"Alhaji, ka ce shari'a ta sauke maka nauyi. Bari mu bi ta daga farko. A mazhabarmu ta Malikiyya renon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga. In ta auri bare, ya koma hannun uwarta. Kai ka karɓe shi yana ɗan shekara shida, ka bi al'ada ka bar littafi. Wanda ya karɓi abin da ba a ɗora masa ba, ai ya ɗora wa kansa."

"Allah gafarta Malam, ai ɗana ne."

"Ɗanka ne, shi ya sa ban ga ranar da zai daina zama ɗanka ba. Ciyarwa ta wajibi tana sauka in ya balaga yana iya nema. To, me ka koya masa da zai nema da shi?" Uban ya yi shiru. Liman ya juya ga Kawu. "Kai ma ban sallame ka ba. Balaga daban, shiriya daban. A farkon Suratun Nisa'i, inda aka yi maganar dukiyar marayu, ba a ce a miƙa musu don jikinsu ya girma ba, an ce a jarraba su har a ga shiriya. Malamai suka ce jarrabawar ita ce a ba yaro kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi, in ya iya a ƙara. Kai ka taɓa ba shi wani abu ya juya?"

Kawu ya ce yana tsoron kada ya ɓarar.

"Zai iya ɓararwa. Gara ya ɓarar da kaɗan kana kusa."

Da daddare Kawu ya zauna ƙofar ɗakin tsohuwa ya gaya mata yadda aka yi. Ta ce, "Ni na yaye shi, a ɗakina ya yi kukan nono kwana uku. Ba a yaye yaro rana ɗaya. Tun yana tsotso ake soma ba shi koko, ranar da za a cire shi ya riga ya san hanyar cokali. Wannan ma yaye ne, na biyu. Ka soma ba shi kokon."

A nan nake ganin yawancinmu muke kuskure da yaran da suka kusa fita hannu. Muna auna riƙo da yawan abin da muka hana, domin hani yana da sauƙin gani, kuma yana kare sunanmu in abu ya lalace. Amma wanda saura wata biyar ya zama mai ikon kansa, aikin mai riƙonsa shi ne ya miƙa masa ikon nan kaɗan-kaɗan tun akwai wanda zai tare shi in ya yi tuntuɓe. Wannan ya fi kulle wuya nesa ba kusa ba, don mai riƙon ne zai kwana da fargaba.

Washegari Kawu ya ƙirga kuɗi ya ba shi, ya ce ya hau Keke Napep zuwa kasuwar Sabon Gari ya sayo zare da maɓallai da yadin aljihu. Shi kaɗai. Yaron ya tsaya yana kallon kuɗin, ya ce, "Kawu, wa zai raka ni?" Kawu ya ce babu. Awa biyu da ya yi a can, Kawu ya ɗinka hannun riga a baibai sau biyu yana farkewa. Maigida ya dawo da kaya da canji, har da ƙorafin cewa mai zaren ya so ya cuce shi a kan dozin. Rabon da a ji ya haɗa jimla uku a jere tun ranar kotu.

Daga nan abin ya tafi da sauri. Aka buɗe aljihun tebur, aka ɗora shi kan tsohon keken Butterfly, ya soma da wandon yara da kalmasa, ya kai ga jamfa. Kawu ya yanka masa kaso a kan kowane ɗinki, rabi a hannunsa, rabi a asusun biyan ɗaliba. Ya koma kwana ɗakinsa ya bar masa makullin zaure. Matar Kawu, wadda da take kulle ɗakinta in za ta shiga wanka, ta soma aikensa kai niƙa.

Ranar da kuɗin gyaran waya suka cika, jami'ar ta haɗa su da ɗalibar a ofis. Maigida ya ajiye kuɗin a kan tebur ya ce ta yafe masa. Ta ƙirga, sannan ta ce, "Gilashi kuka fasa, shi ka biya. Amma a cikin wayar akwai babi biyu na aikina na ƙarshe, kun goge. Akwai muryar mahaifiyata da ta rasu bara. Na yafe maka don Allah, amma ina so ka san abin da ka kai kasuwa." Bai ce komai ba. A hanyar dawowa ya tambayi Kawu ko akwai masu iya dawo da abin da aka goge. Suka bi masu gyaran waya uku, duka suka ce ya wuce.

Sai ga daren Fabrairu, hunturu yana kan ganiyarsa. Aka yi isha'i babu Maigida. Ƙarfe goma, sha ɗaya. Kawu ya zaga unguwar Agoro, ya leƙa bakin asibiti, ya dawo. Ƙarfe ɗaya saura yaron ya turo ƙofa, rigarsa tana warin wiwi. Ɗaya daga cikin abokansa na majalisa aka soka wa wuƙa a wata rigima, ya rasu da yamma, suka taru a inda suka saba. An miƙo masa, ya ja sau biyu, ya mayar. Da suka soma maganar ramuwa, ana rabon wanda zai tare wace hanya, ya ce zai zaga ya yi fitsari, ya kamo hanyar gida.

Da safe gidan ya rabu. Matar Kawu, wadda da ita ce mai tsoronsa, ta ce, "Malam, saura mako biyar. Wa ya gani? Ka rufa masa asiri." Tsohuwa ma ta ce a bar maganar a cikin gida. Kawu ya daɗe yana juya abin. In ya ɓoye, ya ci amanar hannun da ya sa, ya kuma koya wa yaron cewa sharaɗi na aiki ne in an gan ka kawai. In ya kai ƙara, yana iya zama shi ya tura ɗan yayarsa Bostal da hannunsa. Ya kira shi zaure.

"Ba zan kai ƙararka ba. Ba kuma zan yi ƙarya ba in an tambaye ni. Ga kuɗin mota. Ofis yana buɗewa ƙarfe takwas. In ka ga dama ka je ka faɗa da bakinka, in ka ga dama ka wuce shago. Ni na tafi."

Ya tafi ɗin, bai waiwaya ba. Ya buɗe shago, ya hura gawayin dutsen guga, ya kasa zama. Wajen sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara, jami'ar ce. "Malam, ɗanka yana nan. Ya gaya mini komai, har da abin da ban tambaya ba." Har da maganar ramuwar ya faɗa, ita kuma ta sanar da inda ya kamata, mai unguwa da iyayen yaran suka shiga tsakani.

Dole ta rubuta, ta kuwa rubuta. Aka koma gaban majistare. Ya karanta rahoton, ya tambayi yaron wa ya kawo shi ofis ranar nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kawo kaina." Alƙali ya yi masa faɗa mai zafi a kan wiwin, ya mayar da zuwa ofis kowane mako, ya ce ko minti ɗaya ya ƙara bayan isha'i kada ya yi tsammanin sassauci. Bai tura shi Kaduna ba. Ba kowane yaro ne ke samun irin wannan alƙali da irin wannan jami'a ba, da yawa ma ba a tsayawa tantance shekarunsu, shi ya sa katin rigakafi a ƙasan adaka yake iya raba yaro da kurkuku.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Duk wanda ya san shagon tela ya san yadda yake a wannan wata, shadda da yadi jibge har rufi, masu kaya suna zarya, wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Telolin Tudun Wada sukan kwana a kan keke, amma Maigida dole ya bar shago ya shige gida da an sallame isha'i, ko asham a zaure yake yinta tare da yara. Ya ji haushin wannan ƙwarai, don a daren ake samun kuɗin. Ya bi dai.

Ranar 22 ga wata ta faɗo Juma'a. Da safe suka je ofis, jami'ar ta rufe fayil, ta ce masa ya je ya yi rajistar katin ɗan ƙasa da kwanan watan da ke jikin katin rigakafinsa, kada ya bari kowa ya sake ƙiyasta masa shekaru. Bayan an sha ruwa Kawu ya tara gidan, uwar ma ta zo daga garinsu. An aika wa uban, ya ce yana hanya, mota ta lalace masa.

Kawu ya ce, "Daga yau babu takardar da ta ɗaure ka a gidan nan. Ga gidan ubanka, yana da haƙƙi a kanka har abada. Ga nan, tabarmarka tana nan. In kuma ɗaki kake so ka kama, akwai wanda ake bayarwa a bayan shago, sai mu duba abin da ka tara. Ba yau za ka ba ni amsa ba."

"Kawu, na riga na yi tunani," in ji shi. "Zan zauna nan har bayan Salla. Daga nan in kama ɗakin, ni da yaron shagon Malam na kusa da mu, mu raba kuɗin. Amma abinci a nan zan riƙa ci, in riƙa kawo nawa kason." Ya dubi matar Kawu. "In Anti ta yarda."

Ta ce ta yarda, da sharaɗin ya daina barin kwano a zaure.

Uwar ta so ya bi ta ko na wata ɗaya ne. Ya ce mata zai zo ranar uku ga Salla ya kwana biyu, amma zama ba zai yiwu ba, aikinsa yana nan. Ta yi kuka, tsohuwa ta ce ta bar shi. Maganar gidan mari kuwa ba wanda ya sake tayar da ita, domin yanzu sai da yardarsa, shi kuma ya gaya wa Liman da bakinsa ba zai je ba, ya roƙe shi ya isar wa Baba cikin ladabi.

Uban bai zo shagon ba. Bayan kwana uku dai ƙanen Maigida ya shigo da leda, yadi ne na yara maza uku, da kuɗin ɗinki cif a ƙunshe cikin takarda. Ya ce Baba ya ce a ba Yaya, shi zai ɗinka, kuma kada a rage ko sisi. Kawu ya ce layi ya riga ya cika, sai dai bayan Salla. Maigida ya ce zai yi su da dare, tunda yanzu yana iya kwana a shago. Ya ɗauko tef ya ce wa ƙanen ya miƙe tsaye ya buɗe hannu, sauran biyun kuma a turo su gobe bayan la'asar.